Ranar da na ji ana tallar "giyar Hausawa" a Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan gorar robar da ke hannuna, kun ga yadda ta kumbura ta yi tauri? Za mu zo kanta, amma bari in faro muku daga tushe.

Watana biyu da sauka Kumasi ta ƙasar Gana, ina tafe a unguwar Aboabo da rana tsaka, ƙishirwa ta dame ni, sai na ji wata yarinya da kula a ka tana kiran "Hausa beer". Wallahi cak na tsaya. Giya, kuma da sunan Hausawa, a unguwar da duk inda ka waiga masallaci ne? Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata dattijuwa mai suyar ƙosai ta lura da fuskata, ta ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka, lamugin ne, ba ya bugarwa." Ta sa aka miƙo mini ɗaya mai sanyi. Ina kurɓa, citta ta daki maƙogwarona, na ce Hajiya ai wannan lamurje ne! Nan take na tuno Kano, na tuno azumi, mahaifiyata ta jiƙa tsamiya tun la'asar, mu kuma muna ta leƙen kwano. Saura kaɗan hawaye ya zubo mini a bakin titi.

Sunan dai har yau bai kwanta mini ba. Koko sun ce Hausa koko, wannan na yarda, abin alfahari ne, duk Gana da shi ake karyawa. Amma a laƙaba mana giya? A'a.

Daga ranar na fara haɗa nawa a ɗaki, yanzu kusan duk Asabar sai na yi. Ina shiga kasuwar Kejetia in sayo ɗanyar citta, kanumfari, masoro, kimba da tsamiya, sidi talatin ya ishe ni har da sukari. Mutanen nan da yawa shinkafa suke jiƙawa su markaɗa da cittar, shi ya sa nasu yake fari da ɗan kauri. Ni na tsaya kan na gida, tsamiya ce uwar tafiya. Ba yabon kai ba, yaran gidanmu sun daina sayen sobolo, wato zoɓonsu, ranar da na yi nawa. Cittar nan kuwa danƙara-danƙara ce, amma ba ta kai ta Kachia yaji ba, kowa ya ce ta kai ya zo mu zauna.

To, gorar. Shekaranjiya na ɗura guda shida na sa a firiji, sai aka ɗauke wuta, abin da suke kira dumso, kusan kwana guda. Na manta da ɗaya a bayan tukunya. Yau na murɗa murfin kaɗan, ta yi tsiii, kumfa ya taso, warin ma ya sauya.

Akwai maƙwabcina, mutumin arewacin Gana, Kirista ne, mutumin kirki, yayarsa tana dafa pito, ɗan'uwan burkutunmu. Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Su dawa suke jiƙawa ta tsiro, su shanya, su niƙa, su dafa, su tace, sannan a zuba yis a bari ya kwana. Yis ɗin ne ke cinye zaƙin, ya mayar da shi barasa da iska. Ya ce, "Malam, yis yana cikin iska, yana jikin cittar ma. Ka ba shi sukari da zafin Kumasi, ba ya jiran izininka."

Jikina ya yi sanyi, don na san gidaje nawa ne ake ajiye kunun zaƙi da lamurje kwana biyu ba wuta, a ce ai ɗan tsami kawai ya yi. Ɗan'uwa, in ka zo garin nan, kada ka ajiye irin wannan ya kwana a waje. Ka yi daidai na yini. In ka taɓa gora ka ji ta yi tauri, zubar, kada sukarin ya ba ka tausayi. Kuma kada ka kuskura ka ɗura a kwalbar gilashi ka toshe, fashewa take yi.

Wannan dai kwata za ta. Bari in sa takalmi in kama tirotiro, motar hayarsu, zuwa Kejetia kafin hadarin nan ya sauko, cittata ta ƙare.