Kumasi zuwa Salaga a kan moto: yadda ake haɗa ayari

Assalamu alaikum jama'a. Nan Aboabo ce, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana, an idar da sallar asuba ke nan. Moto biyar ne kuke gani a ƙofar masallaci, kowanne da jaka ɗaure a baya, muna jiran gari ya ɗan waye. Salaga muka nufa, daga can Tamale, sannan mu dawo gida ta Kintampo. Kusan kilomita 750, cikin kwana huɗu. 'Yan uwanmu na Najeriya da Nijar, in kun ji na ce moto, babur nake nufi, haka muke kiransa a nan.

Ku dubi taswira. Duk mai zuwa arewa yau babban titin N10 yake bi: Techiman, Kintampo, Buipe, Tamale. Mu kuwa ta Mampong za mu fita, mu bi Ejura, Atebubu, Prang, mu tsaya bakin ruwa a Yeji, mu ƙetare zuwa Makango. Wannan ita ce tsohuwar hanyar arewa. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya taru ya zama tafkin Volta, mashigin Yeji ya faɗaɗa, manyan motoci suka koma bin hanyar Kintampo, wadda take da gadoji. Tun kafin zuwan mota ma, ta nan goron Asante yake hawa zuwa kasuwar Salaga, inda fataken Hausa suke jiransa. A ƙarni na 19 sarakunan Asante ba sa barin fataken arewa su gangaro cikin kurmi su saya da kansu, sai dai a haɗu a Salaga. Shi ya sa har yau tsofaffi a Kano suke cewa goron Gwanja, wato ƙasar da Salaga take ciki, alhali ba a Gwanja itacen yake ba.

Na kawo zancen fatake ne don su suka ba mu tsarin tafiyar. Ayarin da yake tasowa daga ƙasar Hausa, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya biyo ta Sansanne Mango da Yendi, watanni yake yi a hanya, kuma ba a tafiya kara zube. Akwai madugu, shi ke yanke magana. Akwai jagaba, shi ke gaba, ya san hanya, ya san inda za a sauka. Akwai uban dawaki mai riƙe kuɗin ayari yana biyan abin da za a biya. Inda aka yada kaya aka kwana kuwa shi ne zango, sunan da unguwanninmu suka gada. To mu ma haka muka raba. Babban yayanmu shi ne madugu, kuma a can baya yake tafiya, da akwatin kayan gyara. Wanda ya taɓa bin hanyar shi ne jagaba. Ni aka ba jakar kuɗi, kowa ya turo nasa ta momo, wato tura kuɗi ta waya, tun ana saura mako guda, don ba abin da ke ɓata zumunci a hanya kamar a tsaya gidan mai ana kallon juna.

Wanda ya fi kowa rauni, ko don motonsa ƙarami ne ko don hannunsa bai faɗa ba, shi ake sa wa a bayan jagaba. Dalili kuwa, in yana ƙarshe, duk lokacin da aka ba shi rata sai ya murɗa ya kamo, kuma a garin kamowar nan ake faɗuwa. In yana na biyu, jagaba yana ganinsa a madubi, dole ya yi tafiya daidai ƙarfinsa. Namu ƙanenmu ne mai ɗan moto mai injin cc 110, sauran duk 150 ne. Saboda shi ba mu wuce gudun kilomita 70 a awa ba a buɗaɗɗen titi. An yi ƙorafi. Tun ba mu kai Ejura ba wani ya cire hular kwano ya ce, "Yaya, in haka za mu tafi ai gara mu hau aboboya, mai ƙafa ukun ɗaukar kaya." Madugu ya ce masa, "Kai ka san hanyar Makango?" Shiru. Aka ci gaba a 70.

Jerin ma ba layi ɗaya ake yi ba, kamar awaki. Na gaba ya ɗan riƙe hagu cikin hannunsa, na biyu dama, na uku hagu. Kowa yana hangen titi, kowa yana da wurin kaucewa rami. Tsakaninka da wanda yake daidai gabanka ka bar abin da za ka ƙirga ɗaya, biyu a nitse. In an zo kwana mai kaifi ko titi ya lalace, sai a koma ɗaya bayan ɗaya a ƙara rata. Wuce mota kuwa kowa da idonsa zai wuce. Don na gabanka ya wuce tirela ba ya nufin kai ma akwai wurinka.

Bari in koma baya kaɗan, don rabin tafiyar nan a Magazine aka yi ta, unguwar masu gyaran motoci ta Kumasi, can Suame. Kwana uku kafin tashi muka kai motocin wurin fita, wato makaniki. Kar ka kai ana gobe tafiya, ka bar wa kanka kwana biyu ka zaga gari ka ji ko gyaran ya zauna. An zuba sabon baƙin mai, an duba birki gaba da baya, an ɗaure cen. Cen ba a ɗaure shi tamau, ana barin wasa kamar santimita 2 zuwa 3, musamman da yake za ka ɗora kaya. Taya in ta sude a canja ta, Kumasi ta fi ko'ina a hanyar nan araha. Iska kuma da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi. A jakar madugu akwai tiyub biyu, kayan faci, famfon hannu, fulogi, wayar kuloc, sifana, da man shafa wa cen.

Takardu: lasin na moto ajin A ne daga DVLA, hukumar ba da lasin ta Ghana, lasin mota ba ya tsaya maka. Sai inshora da takardar lafiyar moto, da Ghana Card a aljihu. Shingayen 'yan sanda suna da yawa a hanyar arewa. Rage gudu tun daga nesa, ɗaga gilashin hula, yi gaisuwa, mutum ɗaya ya yi magana a madadin kowa. Hular kwano doka ce ga direba da wanda aka goya, kuma ka ɗaure igiyarta, don wadda ba a ɗaure ba ita take riga ka sauka. Silifas da jallabiya a bar su cikin jaka sai an isa masauki. Takalmi rufaffe, safar hannu, riga mai kauri. Lambar gaggawa 112.

Ga mu a hawan Mampong. Nan ne wuri na farko da hanya take gwada mutum: kwana a kan kwana, dutse a gefe guda, gangare a ɗaya gefen, ga motocin doya da gawayi suna saukowa da lodi. Ka sauke giya, kar ka kwanta a kan birki. Da ka wuce nan sai ka ga ƙasa tana canjawa a idonka. Kurmi yana ja da baya, sama tana buɗewa, gonakin masara sun miƙe. Ejura ke nan, wajen kilomita 100 daga gida, kuma a nan muka yi zangon farko, koko da ƙose a bakin tasha, da Hausa aka sayar mana.

Ƙa'idarmu ita ce duk bayan awa ɗaya ko awa da rabi a tsaya. Injinan nan iska ce take sanyaya su, suna son hutu, amma gaskiya mahayin ya fi injin bukata. Iskar da take dukanka tana busar da gumi, ba za ka san kana ƙonewa ba sai kai ya fara sarawa. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi. Mai kuma, moto irin namu yana cin wajen kilomita 40 a lita, in da kaya ya ragu. Duk da haka ba ma barin tanki ya sauka ƙasa da rabi, kuma in ɗaya zai sha, kowa ya sha.

Bayan Atebubu ne abin da ake sa madugu a baya dominsa ya faru. Na huɗu ya taka ƙusa, tayar baya ta sace. Mu uku na gaba ba mu san an yi ba. Sai da jagaba ya ƙirga fitilu a madubi ya ga biyu maimakon huɗu, muka tsaya a gindin wata bishiya kamar yadda aka yi alkawari: ba a juyowa gaba ɗaya, ana tsayawa ne a kira waya. Minti 40 suka yi suka iso. Da mai kayan gyara yana gaba, da shi ma sai ya juyo.

A Prang muka yi azahar da la'asar, ƙasaru, tunda tafiyar ta wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suke faɗa. Duk ɗan Tijjaniyya a Ghana ya san Prang, garin Shehu Abdullahi Maikano, inda ake cika lokacin maulidi. In tafiyarku ta faɗo a kwanakin, ku san titi zai cika da motocin baƙi.

Yeji garin kifi ne, tun kafin ka ga ruwa za ka ji ƙamshin banda. A nan duk mai gaggawa yake hucewa, don jirgin fito da yake ɗaukar motoci zuwa Makango ba kowace awa yake tashi ba, kuma ba ya jiran kowa. Da isarku ku je bakin ruwa ku tambayi lokacin tashinsa na gobe, daga bakin masu aikin wurin. Masu kwalekwale mai inji za su tare ku, su ce su ma suna ɗaukar moto, kuma da gaske suna ɗauka. Mu dai mun ƙi. Lokacin da ruwa ya ci wurin nan ba a sare itatuwa ba, kututturansu suna nan a ƙarƙashi, kuma kwalekwale mai lodi in ya daki ɗaya, labari ya ƙare. In dole ta sa, kar ka shiga ba rigar da take hana nitsewa, kar ka shiga in hadari ya haɗo. Muka kwana Yeji, da safe muka tura motocin cikin jirgi tsakanin wata motar doya da tarakta. Ka sa moto a giya, ka tsaya kusa da shi.

Daga Makango zuwa Salaga ba nisa, amma a nan muka fara cin ƙura. Lokacin da muka bi, wani wurin kwalta, wani wurin jar ƙasa mai tsakuwa. A kan tsakuwa ka saki kafaɗa, kar ka ƙanƙame kan moto, kar ka damƙe birkin gaba, ka dubi inda kake son zuwa ba ramin da kake tsoro ba. Rata kuma a ninka ta, don ƙurar na gaba tana rufe ido.

Salaga yau gari ne mai natsuwa, in ba a gaya maka ba ba za ka ce nan ce kasuwar da ake tahowa daga Kano da Borno dominta ba. Za a nuna maka tsofaffin rijiyoyi birjik, za a nuna maka inda kasuwar bayi take. Wannan ɓangaren ba ma yawan faɗarsa a zango, amma ayarin da ya kawo kanwa da tufafi da fatu, a kasuwar nan har mutane an saya an sayar. Mun daɗe tsaye a wurin ba mai magana. Ƙarfin garin ya fara raguwa bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa na 1892 kan sarautar Kpembe, garin sarautar da yake kusa da Salaga, ya watsa 'yan kasuwa. Wasu suka nufi Kete Krachi, cikinsu har da babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a can a 1934. Wasu Kintampo, wasu Yeji da Atebubu, daga baya har Kumasi da Accra. Ƙanenmu mai 110 ya ce kakarsa takan ce su mutanen Salaga ne, shi kuwa bai taɓa ɗaukar maganar da nauyi ba sai ranar.

Salaga zuwa Tamale wajen kilomita 120. Tamale kuwa garin moto ne, mata da maza, tsoho da yaro, ba wanda zai ɗaga kai ya dube ku. Muka ci tuwon zafi da naman zabo, aka wanke matatar iska, aka shafa wa cen mai, muka kwanta da wuri.

Komawa ita ce doguwa, kilomita 380, kuma ita na fi jin tsoro duk da titin ya fi kyau. Za ka haye Farin Volta a Yapei, Baƙin Volta a Buipe, titi miƙaƙƙe har barci yana neman ɗaukarka. Tirelolin Burkina da manyan bas suna tafe, in ɗaya ya gifta iskarsa tana tura ka gefe, don haka ka matsa dama tun kafin ya iso, ka riƙe da gwiwa. Shanu suna ƙetarewa ba sallama. Kowane ƙauye da tudun rage gudu, wasu ba fenti, cikin gari kuma doka 50 ce. Mun raba ta biyu, muka kwana Kintampo, don mun yi alkawari tun a gida cewa magariba ba za ta same mu a kan titi ba. Fitilar moto ba ta nuna rami sai ka zo kansa, motar da ta lalace an bar ta ba alama sai ganye a titi, ga kuma masu tare hanya. In kuna da zaɓi, ku tafi a Nuwamba ko farkon Disamba, ruwa ya ɗauke, hazon hunturu bai yi kauri ba. Maris da Afrilu zafin arewa yana kaiwa digiri 40.

Washegari Techiman, Offinso, sai ga cunkoson Suame. La'asar ta same mu a Aboabo. Da na buɗe jakar kuɗi saura kaɗan a ciki, madugu ya ce a ba mai 110 ya canja baƙin mai, tunda injinsa ne ya fi shan wahala. Bandar kifin da na ɗauro wa Mma tun daga Yeji kuwa, kwana uku tana cikin jakata, har yanzu jallabiyata ba ta daina ƙamshinta ba.