Gonar Ƙarshen Layi: Inda Ake Auna Shugaba

Masu kallo, assalamu alaikum. Ruwan nan da kuke gani yana gangarowa cikin kanal, daga madatsar Tiga ya taso. An kammala madatsar a 1974, zamanin Audu Bako, wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Gangara ce ke tafiyar da ruwan har gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da manyan kanal-kanal, amma da zarar ruwa ya faɗa ƙananan magudanai na cikin gonaki, magana ta koma hannun manoma da shugaban ƙungiyarsu. Da shi za mu yi misali yau, domin a wurin nan shugabanci ba ya ɓuya. Ko dai ruwa ya isa gona, ko shuka ta yi yaushi.

A ce magudana ɗaya tana shayar da gonaki 20. Na bakin ƙofa ruwa da ƙarfinsa yake zuwar masa. Kafin ya kai gona ta 20, ƙasa ta shanye wani, wani ya zurare ta ramin ɓera, wani kuma maƙwabci ya tare shi da buhun yashi cikin dare. In dai an bar kowa ya ɗiba yadda ya ga dama, na ƙarshen layi ne zai kwana a ciki, alhali kuɗin ƙungiya ɗaya suke biya.

Abin da shugaba mai adalci ke fara yi shi ne jadawali: wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, gonar wa. Ana auna lokacin da faɗin gona, mai eka biyu ya ninka mai eka ɗaya. Sannan a yi wa na ƙarshe ƙarin lokaci, tunda ruwan da ke iso shi ya riga ya rage ƙarfi. Wasu ƙungiyoyin juyawa suke yi, wannan mako a fara daga sama, mako mai zuwa daga ƙasa. A rubuta da boko, a rubuta da ajami, a kuma karanta da baki a taro, don kada gobe wani ya ce bai ji ba.

Rubuta jadawali abu ne mai sauƙi. Wuyar tana zuwa ranar da aka fara karya shi, kuma sau da yawa mai karyawar na jikin shugaba ne, ko ƙaninsa, ko surukinsa, ko Alhajin da ya ranta masa kuɗin taki. Idan taro ya yanke tara a kan satar ruwa, to a karɓa daga hannun wannan ɗin a gaban kowa, a ba shi rasit. In aka ɗaga masa ƙafa sau ɗaya, ba wanda zai yi magana a ranar. Sai dai cikin mako guda buhunan yashi su cika magudana, kowa da hujjarsa. Shi kansa shugaban, in gonarsa a bakin ƙofa take, sai ya fi kowa kiyaye lokacinsa.

Sai kuɗi. Ba kasafai shugaba ke hawa da niyyar cin amana ba. Da aro ake farawa: kuɗin ƙungiya na aljihunsa, buƙata ta taso, ya ce zai mayar ranar kasuwa. Ranar kasuwa ta zo tumatir ya faɗi. Maganin abin kada kuɗin su kwana a hannunsa tun farko. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, shugaba da ma'aji da sakatare, kuma ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa hannu. Kowane biya da rasit mai lamba. Ƙarshen wata ma'aji ya miƙe ya faɗi nawa ya shigo, nawa ya fita da abin da aka yi da shi, nawa ya rage, su wa ake bi. Inda aka daina wannan karatu, mutane ba sa tsayawa gardama, biya kawai suke dainawa.

Ga kuma hangen gaba. Mai shuka alkama yana son iri ya shiga ƙasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don ta samu sanyin hunturu. Saboda haka shugaba baya-baya yake ƙirga kwanaki: yashe magudana, sare ciyawar kacalla da toshe ramuka duk su ƙare kafin a saki ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A raba aikin gaɓa-gaɓa, kowa ya ɗauki daidai gefen gonarsa, abin da ya zama na kowa a yi masa gayya. Wanda ba zai zo ba ya biya kuɗin lebura. Kuma a ga shugaba da shebur a hannu, wandonsa naɗe, kafin sauran su iso.

Wajen taro akwai wata dabara da ake rainawa. A fara jin bakin ƙananan manoma da masu hayar gona kafin manya su yi magana, domin da zarar babba ya faɗi ra'ayinsa, sauran "haka ne, Alhaji" kawai za su ce, su tafi da ƙorafinsu a ciki. Bayan an ji kowa, shugaba ya yanke. Taron da aka fara bayan La'asar ya watse kafin Magariba, kuma sakatare ya rubuta abin da za a yi, wanda zai yi, da ranar da za a tambaye shi.

Labari mara daɗi kuwa ba a jinkirta shi. Manoman tumatir ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan mai cin ganye da 'ya'ya ta cinye gonaki a Kano da Kaduna. Irin wannan annoba, ko labarin za a rufe ruwa don gyara, shugaba ya faɗa a ranar da ya ji, ya kira malamin gona. Mai shirin dasa sabon fangali sai ya dakata, kuɗinsa su tsira.

Rigimar iyaka ko ta ruwa, a gonar ake sauraronta, ƙafa a kan kunya, kowa ya nuna da yatsa. Zagi shugaba zai sha, babba juji ne. Abin da ya fi ƙarfinsa ya miƙa wa mai unguwa ko dagaci tun ba a zare lauje ba.

Idan wa'adinsa ya cika, yadda tsarin ƙungiya ya tanada, sai ya kira zaɓe da kansa. A ranar miƙa mulki, a gaban taro, ya damƙa wa magajinsa littafin kuɗi, ragowar rasit, jadawalin ruwa da sunayen waɗanda ake bi bashi. Washegari su tafi banki tare a sauya sa hannu.