Kafin Ka Sayi Motar Ɗaukar Kaya a Legas

Kafin ka je kallon mota, fara neman wanda zai riƙa ba ka lodi. Ko dillalin albasa ne a Mile 12, ko mai sayar da buhuna a Alaba Rago, ko kamfani a Ikeja da ke fitar da kaya duk mako. In babu shi, mota za ta kwana a gareji, kuɗin direba da inshora kuwa ba sa jira.

Mai ƙaramin jari, Kanta (ƙaramar motar kaya ƙirar Mitsubishi Canter) ta fi masa. Tayoyinta 6 ne, kayan gyaranta na nan a kasuwar Ladipo, tana shiga lungun da tirela ba ta isa ba. Tirelar kwantena mai ƙafa 40 tana tafiya da taya 18 zuwa 22, kuma aikin tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can yana da tasa wahalar: tun 2021 sai ka yi rajista a manhajar Eto, motarka ta jira a tashar da aka amince da ita har a kira ta. Kwana uku a layi kan cinye ribar tafiya guda.

In tokumbo za ka saya, tafi da bakaniken da ka yarda da shi. A tayar da injin da sanyin safe, a zare ma'aunin bakin mai. In hayaƙi na busowa ta ramin, injin ya gaji. A leƙa ƙarƙashi a duba walda a jikin shasi. Takardar kwastan kuma ka gani da idonka, kada ka karɓi "za a kawo".

Sai rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), takardar VIO (masu duba lafiyar mota), da inshorar kayan da ka ɗauka, wadda mutanenmu suka fi sakaci da ita.

Yawan lodi shi ke karya sifirin, ya ƙone kulochi. Gurɓataccen gas kuma nozul yake kashewa, don haka tsayar wa direba gidan mai ɗaya.

Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne. Kada mota ta tashi sai ka yi magana da ɗan kamasho a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano kan wake ko masarar da za ta dawo da su. Sayen mota ta biyu kuwa ya jira sai ta farko ta ajiye kuɗin inji da cikakken saitin taya a asusu.