Kafin a Ce "Mun Yafe" a Zaman Makoki

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan wata magana ce da ake yankewa cikin minti biyar a kan tabarmar zaman makoki, alhali marayu ne za su ɗauki nauyinta na shekara ashirin.

Kun san yadda abin yake faruwa. Tirela ta take magidanci a kan babur ɗinsa da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ranar sadakar uku sai ga wakilan mai motar tare da shugabannin ƙungiyar direbobi, sun sauke buhun shinkafa biyu da jarkar mai, sun miƙa ambulan. Wan mamacin ya gyara zama ya ce, "Kwana ne ya ƙare. Mun yafe, mun bar wa Allah." A shafa fatiha a watse. A cikin gida kuwa matar na zaune cikin takaba da yara biyar, babbansu bai gama firamare ba, kuma babu wanda ya leƙa ya tambaye ta.

Yafiya abu ne mai lada, babu mai musun wannan. Tambayar ita ce, haƙƙin wa aka yafe? Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure abu biyu: kaffara, wadda a yau take komawa azumin wata biyu a jere, da diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa idan su ne suka yi sadaka da ita. Diyya dukiya ce da ake rabawa kamar gado. Matar tana da tumuninta, iyaye suna da rabonsu, 'ya'ya suna da nasu. Idan mamaci ya bar ɗa namiji, wansa da ƙaninsa da baffansa ba su da ko ƙwandala a ciki, don haka babu abin da za su yafe. Magajin da ya balaga yana iya barin rabonsa shi kaɗai. Rabon yaro ƙarami kuwa amana ce a hannun waliyyinsa, ba a ba shi ikon yin kyauta da ita ba.

Adadin diyya sananne ne: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari ɗaya giram 4.25 ne, ke nan zinariya kilo huɗu da kwata. Hukumomin zakka na jihohi kan fitar da kwatankwacin wannan a naira lokaci zuwa lokaci, domin farashin zinariya ba ya zama wuri guda. Babu direban haya da zai iya biyan wannan daga aljihunsa, kuma shari'a ba ta ce shi kaɗai zai biya ba. A kisan kuskure, dangin mai laifi na wajen uba ne suke haɗa kuɗin, a biya kashi-kashi cikin shekara uku. Malamai da dama na wannan zamani sun ce ƙungiyar sana'a ko asusun taimakon juna na iya tsayawa a matsayin dangin. Sulhu a kan abin da bai kai cikakkiyar diyya ba ya halatta, muddin masu haƙƙin ne suka amince da saninsu. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci, magada na iya kai wannan magana gaban alƙali idan Musulmi ne da Musulmi.

Idan kuwa wanda ake nema kamfani ne ko hukuma, hanyar da aka fi bi ita ce babbar kotu, ƙarƙashin dokar haɗurran da suka jawo asarar rai. Asalinta dokar Ingila ce ta 1846, domin kafin nan a can ba a karɓar ƙarar neman diyya idan wanda aka cutar ya mutu. Tsohuwar Jihar Arewa ta yi tata a 1956, jihohin da aka fitar daga cikinta suka gaje ta. Wannan ƙara daban take da wadda 'yan sanda ke gurfanar da direba a kanta. Ta 'yan sanda hukunci take nema, ɗauri ko tara. Ko da an sallami direba a can, iyali na da damar shigar da tasu, domin nauyin hujjar da ake buƙata a ƙarar diyya bai kai na shari'ar laifi ba.

Abu uku kotu za ta so a tabbatar mata: cewa an yi sakaci, cewa sakacin ne ya jawo mutuwar, da cewa masu ƙara sun dogara da mamacin wajen ci da sha. A kan na ukun ake lissafi, kuma a nan iyalai da yawa suke faɗuwa. Kotu ba ta sa wa baƙin ciki farashi, abin da gidan ya rasa take ƙirgawa. A matsayin misali, a ce mamaci na samun naira 120,000 a wata, yana kashe 30,000 a kan kansa, saura 90,000 na gida. A shekara ya kama 1,080,000. Alƙali zai duba shekarunsa da lafiyarsa da shekarun yaran, ya zaɓi adadin da zai ninka. Idan ya ɗauki 12, an samu 12,960,000, a ƙara kuɗin asibiti da na jana'iza idan akwai rasit. Idan lauyan ɗaya ɓangaren ya nuna cewa mamacin ma yana da hannu, a ce ya shigo titi ta hannun da ba nasa ba, alƙali na iya rage kashi ɗaya cikin huɗu, kuɗin ya dawo 9,720,000. To ma'aikacin albashi yana da takardar biya. Ɗan kasuwa, ko mai shayi, ko ɗan acaba fa? Dole a nemo littafin adashi, bayanan asusun banki ko na waya, rasit ɗin kuɗin makaranta da na haya, da shaidar abokan sana'a waɗanda suka san cinikinsa.

Kada a tsaya kan direba shi kaɗai. Idan yana bakin aikin ubangidansa ne lokacin haɗarin, a haɗa da mai motar ko kamfanin a cikin ƙarar, domin doka ta ɗora masa alhakin sakacin yaronsa. Sannan a bi inshora. Kowace mota da ke kan titi a Najeriya wajibi ne ta kasance da inshorar da ke kare wanda aka yi wa ɓarna. Daga watan Janairu na 2023 kuɗinta ga motar gida ya koma naira 15,000 a shekara, kuma iyakar naira miliyan uku da ake yawan ambata ta shafi ɓarnar dukiya ce, ba a yi wa asarar rai wannan iyaka ba. Matsalar ita ce takardun jabu sun yi yawa, irin waɗanda ake yankewa a bakin ofishin lasisi don a nuna a shingen hanya kawai. Ana iya tantancewa ta waya: a danna *565*11# a sa lambar motar. Idan ta gaske ce, a rubuta wa kamfanin inshorar tun kafin a shigar da ƙara, a riƙe kwafin da suka buga wa hatimi, domin rashin sanar da su a kan lokaci ƙofa ce da suke fita ta cikinta.

Yanzu maganar wa'adi, wadda ita ce ta fi cin mutane. Kowace jiha da nata, a Legas shekara uku ne daga ranar rasuwa. Amma idan wanda ya yi sakacin jami'in gwamnati ne a bakin aikinsa, kamar direban motar hukuma ko ma'aikacin asibitin gwamnati, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ba da wata uku kacal. Ku lissafa da kanku. Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Kafin matar ta fita, ta yi tunanin neman lauya, ƙofar ta riga ta rufe da kwana arba'in. Kotuna sun yi wa wannan doka togaciya a wasu shari'o'i, amma kada wani ya jingina da hakan. Wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwar wata guda a rubuce kafin a kai su ƙara. Saboda haka wajibi ne wani namiji a dangi ya tashi a makon farko, yayin da ake karɓar gaisuwa. Mai riƙe da takardar kula da dukiyar mamaci, wadda ake karɓa a sashen gado na babbar kotu, shi ne galibi ke shigar da ƙara a madadin kowa. Ƙara ɗaya ake yi, don haka a rubuta sunan kowace mata da kowane yaro, har da na ɗakin da aka rabu da uwarsu.

Mu al'umma ce mai gaggauta jana'iza, kuma haka addini ya koyar. Sai dai kafin a ɗauki gawa daga asibiti, minti talatin sun isa likita ya rubuta musabbabin mutuwa ya sa hannu. Da wannan ake karɓar takardar shaidar rasuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A ɗauki hoton wurin haɗarin da lambar motar kafin a janye ta. A karɓi lambobin wayar mutum biyu ko uku da abin ya faru a gabansu, domin bayan wata shida mai rake da mai faci da ke bakin titin sun canza wuri. A nemi rahoton 'yan sanda da zanen da suka yi na wurin, da rahoton jami'an duba lafiyar mota a kan birki da taya. Idan a asibiti ake zargin sakaci, a nemi kwafin fayil tun da wuri, kuma a san cewa da wuya irin wannan ƙara ta yi nasara ba tare da binciken gawa da shaidar wani likitan ba. Majalisar kula da likitoci ta ƙasa na karɓar ƙorafi a rubuce bisa rantsuwa, tana iya dakatar da likita ko ta soke lasisinsa, amma ba ta yanke diyya.

Kano ta ga darajar takarda da idonta. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin magunguna na Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar da cewa yaran nasu ne. Shekara goma sha biyar ke nan, kuma abin da ya riƙe mutane da yawa shi ne tabbatar da cewa ɗansu yana cikin waɗanda aka yi gwajin da su.

Wanda ya rasu a wurin aiki, ko a hanyarsa ta zuwa ko dawowa, yana da wata hanyar dabam a dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Mai ɗaukar ma'aikata na zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya da ke biyan wannan diyya. Matar da aka bari da yara biyu ko fiye tana da kashi 90 cikin ɗari na albashin mijinta duk wata, mai yaro ɗaya kashi 85. A sanar da wurin aikin cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara guda. Wanda ya karɓi wannan ba zai sake kai wurin aikin ƙara a kan mutuwar ba, don haka a auna kafin a zaɓa. Ban da wannan, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi wa ma'aikacinsa inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba, kuma iyalai da yawa ba su ma san su tambaya ba.

Idan jami'an tsaro ne suka yi kisan, sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare haƙƙin rayuwa, kuma ƙa'idojin 2009 na neman haƙƙin ɗan Adam a kotu sun cire wa'adi daga irin wannan ƙara. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ba a biyan ko sisi wajen kai mata ƙorafi. A watan Satumba na 2013 jami'an tsaro sun buɗe wuta a wani kango a unguwar Apo da ke Abuja, mutum takwas suka mutu, akasarinsu masu tuƙa keke napep. A 2014 hukumar ta yanke naira miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci da miliyan biyar ga kowane ɗaya daga cikin mutum 11 da suka jikkata, jimilla miliyan 135. Ba a biya ba sai a 2018. Samun hukunci a kan gwamnati mataki ne, karɓar kuɗin wani dogon mataki ne na daban.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke jiharsa, domin dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar haɗari da ta tauye haƙƙi. Wanda ya ɗauki lauya mai zaman kansa bisa sharaɗin a raba abin da aka samu, a rubuta kason tun ranar farko.

Idan kuma sulhu iyali suka zaɓa, wanda sau da yawa ya fi sauri, to kada a yi shi a kwana ukun farko, kuma kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta wa matar da Hausa ba. A rubuta adadin kuɗin, da ranakun biya, da wanda ya tsaya wa mai biya idan ya saɓa. A kai takardar gaban alƙali ya mayar da ita hukuncin kotu, a fitar da rabon kowane yaro da sunansa, a ajiye shi a asusun da ba a taɓawa sai da sa hannun mutum biyu, ɗaya daga dangin uwa, ɗaya daga dangin uba.