Kuɗin Gwamnati da Motocin Lantarki: Ina Ya Kamata a Zuba Su?

(An rubuto wannan ne daga faifan wata lacca da aka gabatar a Kaduna.)

Assalamu alaikum, malamai, iyaye da 'yan uwa mahalarta.

Ƙasashen da suka yi nisa wajen ƙera motocin lantarki, gwamnatocinsu ne suka fara zuba kuɗi, amma ba hanya ɗaya suka bi ba, kuma a nan ne nake so mu tsaya. Ƙasar Sin ta fara ba da tallafi a 2009, ba ta janye na masu saye ba sai ƙarshen 2022, kuma ta yi shekaru tana ɗaura tallafin a kan sharaɗin a yi amfani da batirin kamfanonin gida, wanda hakan ya taimaka wa irin su kamfanin BYD mai ƙera batir da motoci suka kafu. Amurka kuwa ta ba kamfanin Tesla rancen dala miliyan 465 a 2010, ya biya a 2013. Jamus ta yanke tallafin masu saye kwatsam a watan Disamba na 2023, sai cinikin motocin lantarki ya faɗi a shekarar da ta biyo baya.

Ra'ayina shi ne, kuɗin da aka miƙa wa mai saye kawai amfaninsa na ƙarewa ranar da aka daina bayarwa, alhali wanda aka sa a masana'anta bisa sharaɗi yana barin injuna da ƙwararrun ma'aikata.

Mu a Kaduna ba baƙi ba ne a wannan harka. Tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, dattawan da ke zaune a nan kuma sun san zamanin motar Peugeot 504. Da kuɗin waje na shigo da kayan haɗawa suka yi wuya, motocin tokumbo suka cika gari, sai aikin ya ja baya, domin yawancin sassan motar daga waje ake kawo su. Saboda haka duk kamfanin da zai karɓi kuɗin jama'a yau, wajibi ne a rubuta masa adadin sassan da zai riƙa yi a gida da shekarar da zai cika alkawarin, in ya saɓa ya mayar da kuɗin.

Akwai kuma makanikanmu. Motar lantarki ba ta da fistin, ba ta da fulogi, ba a yi mata juyen baƙin mai, kuma batirinta na iya kashe wanda ya taɓa shi ba da sani ba. Idan ba a ware wani kaso don horar da masu gyara na kasuwar Panteka da yaransu ba, to an raba su da abincinsu.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu Keke Napep da direbobin bas ne suka fi jin jiki, don haka da su ya kamata a fara, a ba su rance mai sauƙi, a kafa musu wuraren caji masu aiki da hasken rana a tashoshin Kawo da Mando, tunda wutar gari ba ta tsayawa.