Jawabin Maraba ga Mai Girma Sanata a Zaman 'Yan Kasuwa da Matasa kan Kirifto da Makomar Naira, Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Sanata, babban baƙonmu na yau. Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da suka baro sana'o'insu. Dattawan kasuwa daga Kurmi da Kantin Kwari da Singa da Wapa. Da 'ya'yanmu matasa da suka cika bayan zauren nan maƙil, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Mai girma Sanata, a madadin waɗanda suka haɗa wannan zama, ina yi maka lale marhabin, sannu da hanya. Takarda ɗaya muka aika maka, ba ka bari mun rubuta ta biyu ba, kuma mun ji daɗin haka ƙwarai. Masaukinmu ba wani babba ba ne, amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita ce muka tanadar maka.

Gardama ce ta sa muka kira ka. Ta daɗe tana tashi a rumfunanmu, tsakanin uba da ɗansa, tsakanin maigida da yaron shagonsa. Wasu matasanmu suna cewa Najeriya ta bi sahun El Salvador, ta mayar da Bitcoin, mafi shahara cikin kuɗaɗen intanet da ake kira kirifto, kuɗin ƙasa, a huta da naira. Wasu dattawanmu kuma suna cewa a haramta kirifto gaba ɗaya, caca ce. An ɗora mini nauyin in shimfiɗa maka maganar, kuma zan faɗi inda na tsaya, ko da ɓangarorin biyu za su ji ban biya musu duka bukatarsu ba.

Zan fara da kare yaran nan, domin suna da hujja. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,500, kuma a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Yaron da ya yi shekara biyu yana tara kuɗin keken ɗinki ya wayi gari abin da ya tara bai kai rabin kuɗin keken ba. Wa zai ga laifinsa idan ya nemi wata ma'ajiyar? Ɗan Kwari da zai biya kuɗin kaya a Guangzhou ta ƙasar Sin, ya yi makonni yana jiran dala ta hanyar banki, sai yaronsa ya nuna masa USDT, wani kirifto da darajarsa ke bin ta dala, kafin la'asar kuɗi sun isa. Kamfanin Chainalysis mai bin diddigin cinikin kirifto ya sa Najeriya a matsayi na biyu a duniya wajen amfani da kirifto a 2023 da 2024, Indiya kaɗai ce gabanmu a lokacin. Ko 'yan baiwa da aka yi ta yi wa dariya a 2024, suna kwana suna dangwala waya suna jiran Hamster, wasan waya da ya yi alkawarin raba kirifto, ta fashe, ni tausayinsu na ji. Da akwai masaƙun Sharaɗa da Bompai suna aiki kamar dā, da yawansu suna can suna karɓar albashi.

Kuɗin da ba sarki ne ya buga shi ba, ba baƙon abu ba ne a garin nan. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, ɗan ƙwanson tekun nan da ake ciniki da shi a dā. Daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya wuri ya fito, ya ratso duniya ya iso Kurmi, aka sayi turkuɗi da shi, aka biya sadaki, aka biya kuɗin ƙasa. Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ne dalar azurfa ɗaya. Daga baya 'yan kasuwar Turai suka shiga loda wani wurin mai araha daga gaɓar Zanzibar, suna jibge shi jirgi-jirgi a gaɓar Afirka ta Yamma. Darajarsa ta yi ta zubewa har wahalar ɗaukar keso, wato buhun wuri, ta fi ƙimar abin da ke cikinsa. Kakanninmu ba su yi laifin komai ba, an dai yanke hukuncin dukiyarsu ne a wata ƙasa, kuma ba su da ƙofar da za su je su kai kuka. Na san matasa za su ce Bitcoin ba a iya ƙara shi, miliyan 21 ne iyakarsa. Gaskiya ne. Amma farashinsa fa, a ina ake yanke shi? A Nuwamban 2021 ya kai wajen dala 69,000. Bayan shekara guda ya faɗo kusan 16,000. Ka ɗauka albashin malamin firamare ke nan, ko kuɗin hatsin manomi da ya kawo Dawanau.

Ga El Salvador ɗin da ake ta ambato. Ƙasa ce mai mutum wajen miliyan 6, wadda tun 2001 ta koma amfani da dalar Amurka. Ke nan ba ta da kuɗin kanta da za ta rasa, mu kuwa muna da naira tun 1973. A watan Yunin 2021 Shugaba Nayib Bukele ya aika ƙuduri majalisa, cikin 'yan sa'o'i 'yan majalisa 62 daga cikin 84 suka amince. Ranar 7 ga Satumba dokar ta fara aiki, ta wajabta wa 'yan kasuwa karɓar Bitcoin. Gwamnati ta fito da manhaja mai suna Chivo, ta sa wa duk wanda ya buɗe kyautar dala 30. Jama'a suka buɗe, suka cire kyautarsu, akasarinsu suka koma ga dala. Babbar hujjar da aka kafa ita ce sauƙaƙa wa 'yan ƙasar mazauna Amurka aiko da kuɗi gida, amma a shekarun da suka biyo baya abin da ke bi ta wannan hanya bai kai kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ake aikowa ba. Shi kansa Bukele ya amsa a 2024 cewa abin bai karɓu yadda suka yi fata ba. A Disambar 2024 suka daidaita da Asusun Ba da Lamuni na Duniya kan rancen dala biliyan 1.4, a Janairun 2025 majalisar da ta yi dokar ta gyara ta: karɓar Bitcoin ya zama ganin dama, haraji kuma sai da dala.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, mai girma Sanata, shi ne yadda aka riƙa sayen Bitcoin ɗin da kuɗin baitulmali. A shafinsa na Twitter shugaban ƙasa yake sanar da cewa ya saya. Farashin ya tashi daga baya, magoya bayansa suna cewa an ci riba, ni ma ban musa ba. To da faɗuwa aka yi fa? Dukiyar marayu da talakawa ba a juya ta da ra'ayin mutum ɗaya, ko da ya yi sa'a. Aikin majalisa ke nan, ta tambaya, ta ga takardu, kuma kai ɗan majalisa ne.

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta fi kusa da mu. A Afrilun 2022 Shugaba Faustin-Archange Touadéra ya sa hannu a irin wannan doka, a ƙasar da bai fi mutum ɗaya cikin goma ke samun intanet ba, lantarki kuma ko a Bangui, babban birnin ƙasar, sai an dace. Babban bankin da ke buga musu sefa tare da Kamaru da Chadi da sauransu ya nuna rashin amincewa. Gwamnatin ƙasar ta fito da nata kirifto mai suna Sango Coin, har da tayin sayar da takardar zama ɗan ƙasa ga wanda ya zuba dala 60,000, kotun tsarin mulki ta ce hakan ya saɓa doka. A Maris ɗin 2023 majalisarsu ta janye wa Bitcoin matsayin kuɗin ƙasa. Ko shekara bai cika ba.

Mu dawo gida, domin mu ma muna da namu. A Fabrairun 2021 aka hana bankuna hulɗa da masu kirifto, sai cinikin ya koma hannu-da-hannu ta waya, inda ba mai gani. Ranar 25 ga Oktoban shekarar aka ƙaddamar da eNaira, nairar intanet ta babban banki, amma ban taɓa jin wani a Singa ya ce a biya shi da ita ba. Aka zo sauyin fasalin naira a ƙarshen 2022, aka shiga 2023 mutum da kuɗinsa a banki yana kwana a layi, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. A Disambar 2023 aka janye haramcin da aka sa wa bankuna. A 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta sa kirifto ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari ta SEC, ta kuma tanadi ɗauri ga masu damfarar riɓanya kuɗi. Yau a hana, gobe a bari, ɗan kasuwa ba ya iya lissafi a haka. Kowane juyi yana zaizaye amanar da mutane suka ba naira, kuma wannan amana ce kaɗai ke sa mai shayi ya karɓi takarda ya ba ka burodi.

Don haka roƙonmu shi ne naira ta zauna a matsayinta, a kuma gyara riƙonta. A daina cin bashin babban banki ba lissafi don toshe giɓin kasafi, domin mu muke biya a farashin masara. Kirifto kuma a bar shi a matsayin haja, mai so ya saya da kuɗinsa, amma a ƙarƙashin doka mai haƙora. Ɗan ƙanena ya zuba jarin shagonsa kaf a wani dandali da ya yi alkawarin ninkawa cikin wata guda. Ranar da dandalin ya rufe, ba ofis, ba lambar waya, bai ma san hukumar da zai nufa ba. Irinsa suna da yawa a zauren nan, kunya ce ta hana su magana. Muna so a riƙa wallafa sunayen kamfanonin da ke da lasisi da harshen Hausa, a karanta a rediyo, a kuma buɗe wurin kai ƙorafi a nan Kano, ba sai an je Abuja ba.

Sai malamanmu. Muftin Masar ya yi fatawar haramci a 2018, Majalisar Malaman Indonesiya ta hana amfani da shi a matsayin kuɗi a 2021, majalisar shari'a ta hukumar hannayen jarin Malesiya kuwa ta halatta cinikinsa a 2020. Tunda manya sun saɓa, ba daidai ba ne doka ta tilasta wa mai ganin akwai garari, wato rashin tabbas a ciniki, a ciki ya karɓe shi a shagonsa. Idan kwamitinku zai zauna, a gayyaci malamai, a gayyaci 'yan canjin Wapa, a gayyaci yaran nan da suka fi mu sanin yadda abin yake tafiya, a ji ta bakinsu kafin a rubuta.

Mun haɗa waɗannan buƙatu a takarda, sakatarenmu zai miƙa maka yanzu. Bayan haka matasa biyu da dattijo ɗaya za su yi magana, sannan mu saurare ka. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya. Mai girma Sanata, barka da zuwa Kano.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.