Rajput: Dangi, Doki da Ganuwa a Tsohuwar Indiya

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Yau Indiya muka nufa, amma ba ta fim ba, don na ga wasu sun fara gyara zama. Arewa maso yammacin ƙasar za mu, inda ake kira Rajasthan yanzu, hamadar Thar na yamma, duwatsun Aravalli sun ratsa tsakiya. Abu uku zan taɓa game da Rajput, wato gidajen mayaƙa masu sarauta na yankin: danginsu, mulkinsu, sai gine-ginensu.

Na farko. Rajput ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki guda ba. Gidaje ne: Sisodiya a Mewar, Rathor a Marwar, Kachwaha a Amber, Bhati a Jaisalmer, Chauhan a Ajmer. Sarki zai yanka wa ɗan'uwansa ƙasa, ana ce da shi thakur, shi kuma ranar yaƙi ya kawo dawakai da mayaƙa. Amma thakur ba ya kallon kansa a matsayin bara. Abin da ke ransa shi ne, kakanmu ɗaya ya ci ƙasar nan da takobi, ni ma ina da rabo. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Suna da wasu mutane da ake kira Charan, kusan kamar maroƙan fada a wajenmu, masu haddace asali da yi wa jarumi kirari. Sai dai darajarsu ta kai a ce zubar da jininsu babban bala'i ne. Shi ya sa fatake ke tafiya da su. In 'yan fashi suka tare ayari, sai Charan ya zaro wuƙa ya ce zai soki kansa, alhakin jininsa ya hau kansu da zuri'arsu. Sau da yawa haka nan ɓarayi ke ja da baya.

To, Chittor, babban birnin Mewar a da. Birni ne a kan dutse, kewaye da ganuwa, kuma sau uku ana cin sa: Alauddin Khalji, sarkin Delhi, a 1303, Bahadur Shah na Gujarat a 1535, Akbar, sarkin daular Musulmi ta Mughal, a 1568. In mutanen ciki suka tabbatar babu mafita, mata kan faɗa wuta da kansu don kada a kama su, ana ce da wannan jauhar, maza kuma su sa tufafi ruwan lemo, su buɗe ƙofa, su yi ta faɗa har na ƙarshe ya faɗi. Mawaƙansu na yabon abin. Ni dai in na tuna yaran da ke cikin wutar nan, gabana faɗuwa yake yi.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Na biyu ke nan ko? To, na biyu. Akbar ya gane abin da na ce ku riƙe. Ya gane cewa ba sai ya rusa kowace ganuwa ba, tunda gidajen nan kowa ta kansa yake yi. A 1562 ya auri 'yar Raja Bharmal na Amber. Ya bar wa sarakunan Rajput ƙasar gadonsu, ya ba su muƙami a rundunarsa, ya ƙara musu ƙasashen da za su ci haraji a wasu lardunan. Man Singh na Amber ya riƙe masa Kabul, ya riƙe Bihar, ya riƙe Bengal. Mahaifiyar Jahangir, ɗan Akbar da ya gaje shi, 'yar Rajput ce. Mahaifiyar Shah Jahan ɗan Jahangir, wanda ya gina Taj Mahal, 'yar gidan Rathor ce ta Jodhpur. Kun ji ko? Jinin Rajput ne a gadon sarautar Mughal.

Wanda ya ƙi shi ne Rana Pratap na Mewar. Aka haɗu a Haldighati a 1576. Wa ya jagoranci rundunar Akbar, sarki Musulmi? Man Singh, Rajput, mabiyin addinin Hindu. Wa ke sahun gaba a rundunar Pratap? Hakim Khan Sur, Musulmi, jinin Afganawa, ga kuma maharban ƙabilar Bhil da kwari da baka. Bari in maimaita: Hindu na yi wa Musulmi yaƙi, Musulmi na yi wa Hindu yaƙi, a fili ɗaya, rana ɗaya. Don haka duk wanda ya ce muku tarihin nan faɗan addini ne tsantsa, ku tambaye shi Haldighati. Addini yana ciki, ban musa ba, amma ƙasa da girman gida da wa zai durƙusa wa wa, su ne kan gaba. Pratap bai ci yaƙin ba, ya shige duwatsu, daga baya ya ƙwato yawancin Mewar ban da Chittor, ya rasu a 1597 bai yi mubaya'a ba. Ɗansa Amar Singh ne ya yi sulhu da Jahangir a 1615.

Na ga ana nuna mini agogo. Gine-gine a gurguje: ganuwar Kumbhalgarh da Rana Kumbha na Mewar ya gina ta kai kusan kilomita 36, hasumiyarsa ta nasara a Chittor hawa 9 ce, Rao Jodha kuma ya kafa Jodhpur a 1459. Ga hannu can. Bismillah, 'yata.

Tana tambaya ko akwai Rajput Musulmi. Ƙwarai kuwa, Allah ya yi miki albarka. Suna da yawa a Punjab da Sindh, wato Pakistan ta yau, kuma har gobe suna riƙe da sunayen gidajensu. A Rajasthan ma akwai Kaimkhani, waɗanda asalinsu Chauhan ne. Ga kuma Hasan Khan Mewati, Musulmi daga Mewat mai asalin Rajput. A yaƙin Khanwa na 1527, lokacin da Rana Sanga na Mewar ya tara gidaje don tunkarar Babur, kakan Akbar, da igwoyinsa, Hasan Khan na ɓangaren Sanga, kuma a filin nan aka kashe shi. Akwai wata tambayar? To, a tashi a yi alwala, la'asar ta yi.